Gadon Marnie a Bakin Titi

Gado na gani a bakin titi, shi ya sa na zauna rubuta wannan labari. A unguwarmu ta Gosnells, can gefen birnin Perth, ganin gado a bakin titi ba wani abin mamaki ba ne, duk shekara muna ganinsu. Amma wannan gadon akwai mai kwana a kansa, kuma ba wanda ya gaya mata za a fitar da shi.

Sunana Glenys. Rabin rayuwata a bayan sitiyarin bas na yi ta. Da na yi ritaya sai zaman gida ya ishe ni, na kai kaina Gidan Unguwa, wato cibiyar taimakon jama'a ta yankinmu, inda Losa ke shugabanci. Losa 'yar ƙasar Tonga ce, mace mai jiki da yawan dariya, wadda idan ta ce maka zauna ka sha shayi, to kafin ka ajiye kofi ta riga ta ɗora maka aiki. Ni aikin da ta ɗora mini shi ne zama kusa da yara masu koyon mota. A nan ba a ba yaro lasisi sai ya daɗe yana tuƙi da babba a gefensa. Mai uwa da uba, su ne za su zauna masa. Yaran riƙo kuwa, waɗanda hukuma ta ɗauke daga gidajensu ta damƙa wa wasu, sau da yawa ba su da mai zama, sai irinmu tsofaffi da zuciyarmu ta riga ta saba da firgita.

Haka Losa ta haɗa ni da Marnie, yarinya doguwa siririya mai jan gashi, 'yar shekara sha bakwai. Tuƙinta lafiya lau, a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wato ajiye mota da baya a tsakanin motoci biyu. In ba ta hau dakalin titi ba, to ta bar motar a tsakiyar hanya. Ranar da ta goga wa motata bishiya kuwa, ko a jikinta.

"Anti Glenys, wallahi bishiyar ce ta matso."

"Ƙwarai kuwa, na ga lokacin da ta ɗaga ƙafa. Koma ki sake."

Ina son yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. A layinmu take, gidan Gavin da Raelene Tonkin mai koren ƙofa, inda aka kawo ta tun tana ƙarama. Kawu Gavin take ce masa, matar kuma Anti Raelene, don tun farko Raelene ta ce kada a ce mata Mama, wai kada a rikita yarinya. A gidan akwai mahaifiyar Gavin, Kaka Beryl, tsohuwa mai kaifin harshe da ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Tun daga ranar, Marnie ce mai yi mata wanka, ita ce mai ba ta magani, ita ce mai yanke mata farce, ita ce mai ɗaga ta daga kujera. Raelene ta ce bayanta ba ya son ɗaukar nauyi. Gavin ya ce bai dace namiji ya ga tsiraicin uwarsa ba. Nauyin da ya fi ƙarfin manya biyu sai ya sauka a kan yarinyar da ko kuloci ba ta gama iya takawa ba.

Ranar da yaron riƙo ya cika sha takwas, riƙo ya ƙare. Idan masu gida sun yarda, yana iya ci gaba da zama. Idan ba su yarda ba, sai ya tattara nasa ya nasa. Saboda irin waɗannan yara ne Gidan Unguwa ya gyara wasu 'yan ɗakuna a bayan tsohon coci, kowanne da ɗan kicin da banɗaki. Ba kaya a ciki, bango ne da ƙasa da ƙwan fitila, amma akwai makulli, kuma yaron ne ke riƙe da shi. Ɗaya ya zama babu kowa daidai lokacin da ranar haihuwar Marnie ta ƙarato, Losa ta ce ta ajiye mata.

Marnie ta ƙi. Ta ce Anti Raelene ta gaya mata ita 'yar gida ce, kuma 'yar gida ba ta neman ɗaki a bayan coci. Ta ce idan suka ji ta karɓa za su ce ta ci amanarsu. Na tambaye ta ko sun taɓa buɗe baki sun ce za ta zauna bayan ta cika sha takwas. Ta ce duk lokacin da ta tambaya, Anti Raelene cewa take yi za mu gani.

Wannan za mu gani ɗin ita ce igiyar da suka ɗaure ta da ita, kuma kullum ƙara jan igiyar suke yi. Marnie ta fara fashin darasi. Yau Kaka na da likita, gobe Anti Raelene ta tafi gyaran gashi, jibi Kawu Gavin ya tafi kamun kifi ba mai zama da tsohuwa. Wani ɗan Italiya mai gidan burodi, Carmelo, ya ɗanɗana kek ɗin da ta yi wa Gidan Unguwa, ya ce ta zo ranar Asabar ya gwada hannunta, in ta yi ya ɗauke ta koyon aiki. Asabar ɗin ta zo, Raelene ta tuna ana bikin ƙawarta a Mandurah. Carmelo ya sake sa wata ranar, ita ma ta wuce haka. Idanun yarinya suka zurma, wandonta ya fara zamewa daga ƙugu. Wata rana muna tsaye a jar danja na ji shiru ya yi yawa, na duba sai na ga ta yi barci, hannayenta biyu a kan sitiyari yadda na koya mata.

Ranar na karɓi tuƙi na mayar da ita gida, na ce ta shige ciki, ni kuma na ƙwanƙwasa koren ƙofar da kaina.

Raelene ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ba muguwar fuska gare ta ba, wannan ne ma abin haushin. Ta kawo shayi da biskit, ta nuna mini sabbin labule. Da na taɓo maganar Marnie sai ta dafa ƙirji, ta ce ai ba wanda ya san irin wahalar da suka sha da yarinyar nan. An kawo musu ita da kaya a baƙar ledar shara, ko cokali ba ta iya riƙewa da kyau ba. Ta ce aikin gida tarbiyya ce, ita ma da haka ta tashi. Ta ce Kaka ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai Marnie, to ya za su yi da tsohuwa? Gavin yana kwance a doguwar kujera yana kallon ƙwallo, ya ce shi dai a ganinsa masu zaman Gidan Unguwa ba su da aikin yi sai zuga 'ya'yan mutane.

Na ce tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Na ce, "Raelene, za ta zauna ko ba za ta zauna ba? Akwai ɗakin da ke jiranta, kuma ba zai jira har abada ba."

"Haba Glenys," in ji ta, tana ƙara mini shayi. "Sai ka ce wata baƙuwa? 'Yar gida ce fa. Za mu gani."

Daga can ɗakin ciki muryar Kaka Beryl ta fito, tana tambaya ko direbar bas ce ta zo, in ita ce a gaya mata har yanzu ba ta yafe ranar da ta wuce ta a tasha ana ruwa ba. Na ce a gaya mata ba ta ɗaga hannu ba. Muka rabu a haka, na fito cikina cike da shayi da takaici.

Losa ta yi iya ƙoƙarinta. Amma akwai wata yarinyar a Armadale da ke kwana a kujerun gidajen ƙawaye, kuma ba daidai ba ne ɗaki ya zauna a kulle saboda wadda ta ce ba ta so. Losa ta kira Marnie ta gaya mata a fili cewa ranar Litinin za ta ba da makullin, gare ta ko ga waccan. Ta ce akwai wani ɗakin da zai fito nan gaba, amma wanda ya ce a'a yau, sai ya koma ƙarshen layi. Marnie ta yi murmushi ta ce a ba waccan, ita tana da gida. Na ji kamar in kama ta in girgiza, amma wanda aka yi ta jefawa daga gida zuwa gida, ba ka isa ka raba shi da gidan da ya ga kamar ya samu ba.

To, a wannan makon ne aka shiga lokacin fitar da tarkace. Sau ɗaya a shekara ƙaramar hukuma ke turo babbar mota ta kwashe manyan kayan da ba sa shiga kwandon shara, kyauta. Kafin motar ta zo ranar Litinin, kowa zai fito da nasa ya jibge a ciyawar bakin titi: firjin da ya mutu, keken da yara suka girme shi, injin motsa jiki da aka saya da kyakkyawar niyya. Dokar da ba wanda ya rubuta ita ce, duk abin da ya taɓa ciyawa ya zama na kowa. Mutane kan yi ta zagaye da tirela suna tsince-tsince, mai ɗauka ba ya kallon ƙofar gida, mai gida kuma yana laɓe bayan labule yana leƙe. In aka ɗauki kayanka ka ji daɗi. In aka wuce naka aka ɗauki na maƙwabcinka, wallahi har ranka sai ya ɓaci. Ni kaina teburin cin abincina daga ƙofar gidan wani likita na samo shi.

Ranar Asabar da safe muka fita darasi. Marnie tana cikin nishaɗi, muna tafe muna yi wa kayan mutane kuɗin ido, tana cewa wannan kujerar ta fi ta falonsu kyau. Da hantsi ya dubi ludayi muka karyo kwanar layinmu. Sai na ji ta ɗaga ƙafa daga totur.

A ƙofar gidan Tonkin, tsakanin wata fanka mai karyayyen wuya da tsohon murhun gasa nama, ga farin gadon ƙarfe a tsaye, da katifarsa a jingine. A jikin ƙarfen kan gadon akwai wani shuɗin ƙyalle da Marnie ta ci a tseren makaranta, ta ɗaure shi a wurin da hannunta. Kusa da gadon kuma ga kujerar Kaka Beryl, ruwan ƙasa, mai ramin zama a tsakiya. Wani mutum mai tirela har ya tsaya yana jijjiga gadon ya ji ko yana da ƙwari.

Marnie ta sa sigina, ta duba madubi, ta waiwaya, ta sa giyar baya, ta shigar da motata tsakanin tirelar mutumin da wani firji, tsaf, ba ko gyara. Tunda muka fara ba ta taɓa yin haka ba. Ta ja birkin hannu, ta kashe mota, ta miƙo mini makulli, sannan ta fita ta dafa gadon ta gaya wa mutumin cewa wannan da mai shi.

Gavin ne ya fara fitowa, da wata tsohuwar talabijin a rungume. Ko kunya babu a fuskarsa, shi a ganinsa dabara ya yi. Ya ce motar nan sau ɗaya take zuwa a shekara, in ya bari ta wuce sai ya ɗauki kayan da kansa ya kai juji, kuma a can biya ake yi. Ya ce ai 'yan makonni ne kawai suka rage, akwai katifar hurawa ta zuwa kamun kifi, za ta ishe ta.

"'Yan makonni kafin me, Kawu?" in ji Marnie.

Sai a lokacin ya gane abin da bakinsa ya faɗa. Ya juya yana kiran matarsa.

Raelene ta fito da safar wanke-wanke a hannu, ta harari mijinta harara mai kyau, sannan ta shiga bayani. Ta ce da ma suna da niyyar gaya mata, bayan an yi shagalin ranar haihuwarta, don kada a ɓata mata rai kafin lokaci. An samo wa Kaka gurbi a gidan tsofaffi, wuri mai kyau, har da lambu. Tunda Kaka za ta tafi, gidan zai yi wa Marnie shiru, yarinya kamarta ta fi buƙatar ta fita ta ga duniya. Ɗakin kuma, ita Raelene da ma ta daɗe tana son wurin da za ta riƙa yi wa mata gyaran farce. Ta ce duk don amfanin Marnie ne, wata rana za ta gode musu.

Zuwa lokacin labule ya ɗaga a kowane gida na layin. Ni kuwa na buɗe baki zan yi irin maganar da nake yi wa mashaya a bas, Marnie ta riga ni. Ta dubi Raelene.

"Anti, da kin gaya mini tun farko, da ba zan fasa yi wa Kaka wanka ba. Ina son ta. Ba sai kin ce mini 'yar gida ba."

Raelene ta tsaya tana murza safar hannunta. Ana cikin haka sai muka ji ƙarar taya a kan siminti. Kaka Beryl ce, cikin rigar barci da silifas, tana tura ƙarfen dogarawarta. Ashe ce mata aka yi an kai kujerar wanki. Ta ƙaraso a hankali, ta dubi gadon, ta dubi kujerarta, ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa. Sannan ta juya baya, Marnie ta riƙe mata gwiwar hannu kamar kullum, ta zauna daram a cikin kujerar, a kan ciyawa, kusa da fanka.

"Mama, don Allah ki koma ciki, mutane na kallo," in ji Gavin.

"Ina zan koma? Tunda ka fitar da kujerar, ai sai ka haɗa da mai ita. Litinin motar za ta zo, ko? Sai in jira a nan, kada ka biya kuɗin juji."

Mai tirela ya cire hularsa ya ce shi dai gado ya tsaya dubawa, tsohuwa kuwa yana da ɗaya a gida ta ishe shi. Kaka ta ce da ma ko kyauta ba ta bin mai irin wannan gemun. Layin ya kwashe da dariya, har Marnie, tana dariya hawaye na zuba. Ta juyo gare ni ta ce in ara mata waya. Ta kira Losa ta tambaye ta ko har yanzu makullin na hannunta.

Losa ta iso da a-kori-kurar cocinsu da mijinta a baya, tana tafe tana magana da jami'ar da ke kula da Marnie a waya, irin maganar da ba a ce mata a'a. Aka tsayar cewa Marnie za ta koma ɗakin a ranar, Losa ce za ta sa ido a kanta har ta cika shekarun. Waccan yarinyar ta Armadale kuwa, Losa ta ce ɗakin ɗanta da ya tafi aikin ma'adinai yana nan a buɗe, za ta zauna a gidanta har ɗaki na gaba ya fito, ba wanda zai kwana a kujera.

Da aka zo ɗaga gadon sai Gavin ya tuna cewa shi ya saya, ya ce ya kamata a tambaye shi tukuna. Kaka ta nuna masa ƙasa da silifas ɗinta, ta ce ya duba ya gani a kan me gadon yake tsaye. Ya taɓa ciyawa, ya zama na kowa, kuma Marnie ce ta fara dafawa. Mai tirela ya ce shi shaida ne. Gavin ya matsa gefe, aka ɗaga gadon.

Na ce wa Marnie akwai tukwane a gidana da ba na amfani da su. Nan ta turje. Ta ce gadonta ya ishe ta, tun tana ƙarama ake ba ta kayan mutane ana jiran godiya, ta gaji. Na fahimce ta. Amma Madam Pham ta gidan da ke kallonmu ta ji. Ta shiga gida ta fito da butar shayi ta lantarki, sabuwa fil a kwalinta, ta ajiye a ciyawarta, ta ce wa iska wannan butar ta ishe ta, launinta ba ya tafiya da kicin ɗinta. Ta koma ciki ta laɓe bayan labule. Can sai maƙwabcinmu tsoho Des ya jawo wani ɗan tebur, ya goge shi da hannun riga, ya ce shara ne. Wata ta fito da labule a ninke, da ƙanshin guga a jikinsu. Ni ma na lallaɓa na zubar da tukwanena a ƙofar gida, na yi musu tsaki don a san ba na so. Marnie ta tsaya tana kallon layin, ta gane sarai abin da ake yi, mu ma mun san ta gane. Ta share fuska, ta ce da mijin Losa ya ja mota a hankali, akwai 'yan tsince-tsince da za ta yi. Ba ta kalli ƙofar kowa ba, ba ta ce wa kowa ta gode ba, yadda doka ta tanada.

Kaka ta aiki Raelene ta ɗauko mata bargonta na saƙar hannu, wanda ta saƙa tun idonta na gani. Da aka kawo sai ta wurga shi a ciyawa, ta ce ya tsufa, duk mai so ya ɗauka. Marnie ta ɗauka ta rungume. Sannan ta durƙusa ta ce wa Kaka kujerar ma tana so, don a samu wurin zama idan tsohuwa ta kawo mata ziyara. Kaka ta ce sai dai a ɗaga ta tukuna, kuma kada mai gemun nan ya taɓa ta.

An gama ɗaure kaya, Marnie na shirin shiga mota, Raelene ta matso ta yi tambayar da ta fi damunta tun ɗazu. Ta ce to yanzu kafin a kai Kaka can, wa zai riƙa yi mata wanka?

"Ke," in ji Kaka Beryl. "Kuma ba na son ruwa ya yi zafi."

Marnie ta ci jarrabawar tuƙi kafin Kirsimeti, mai jarrabawar har ya yaba yadda take ajiye mota da baya. Carmelo ya ba ta dama ta uku, yanzu hannunta kullum da ƙanshin yis. Ran Lahadi takan ari motata ta ɗauko Kaka daga gidan tsofaffi, ta zaunar da ita a kujerarta, su sha shayin butar Madam Pham suna zagin abincin da ake ba tsohuwar. Raelene ta buɗe wurin gyaran farcenta. Ina jin labari tana gaya wa masu zuwa cewa sun riƙe yarinya tsakani da Allah, ta girma ta tafi ba ko waiwaye. Gavin kuwa har gobe yana alfahari cewa a shekarar nan kayan ƙofar gidansa ne suka fara ƙarewa a duk layin.

Mutanen layinmu suna son ba da labarin nan, kowa da abin da ya zubar a ciyawa, kuma ba na hana su, sun yi abin kirki. Amma ni ba butar ba ce ke tsaya mini a rai. Muna da ɗaki, muna da makulli, muna da mota da masu zama a gefe, duk a shirye, kuma duk da haka saura kwana biyu yarinyar nan ta rasa komai, don wata mata ta ce mata 'yar gida ta ƙi ƙarasa maganar. Ba wayonmu ne ya cece ta ba, rowar Gavin ce, da ya kasa barin motar kyauta ta wuce. Da ya daure ya biya kuɗin juji, da ranar Litinin Losa ta ba da makullin, da Marnie ta ci gaba da wankan tsohuwa har ranar da za a yanka mata kek a miƙa mata baƙar leda.

Yanzu wata yarinyar nake zama wa a mota, ita ma ta kusa cika sha takwas, ita ma an ce mata za mu gani. Duk gidan da muka wuce sai na duba ciyawar ƙofarsu. Ba komai a kai. Maigidansu ya fi Gavin wayo, gadonta na nan a ɗaki, a gyare.